Layi 23 a takarda ɗaya

Daren jiya, wajen ƙarfe biyu, na fito falo na tarar da ɗan ƙanwata, kwamfuta a buɗe, waya a cinya, yana ta rubutu a wata takarda. Na leƙa. Jerin ayyuka ne, layi 23. Na ce, "Kai, wanne ka gama a ciki?" Ya ce, "Kawu, tsarawa nake yi tukuna." Gabana ya faɗi, don na san wannan takardar. Irinta ce ta cinye mini shekara guda cur.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a ina da kundin bincike da zan miƙa, ina ɗan aikin koyarwa da yamma, ga sakatarancin wata ƙungiyar ɗalibai. Duk wanda ya zo da buƙata, "to, ba komai" ce amsata. Wannan in duba masa rubutu, wancan in raka shi wani wuri, taro kuwa ba a tashi sai da ni. Ba lokaci gare ni ba. Kunyar cewa a'a ce, da kuma, in faɗi gaskiya, daɗin a riƙa cewa abu ba ya tafiya sai ina nan.

Kowane dare sai na rubuta jeri. Har aikin da na riga na gama nakan rubuta, don in samu abin da zan soke da biro. Kundin kullum shi ne a layin farko, kullum kuma tsallake shi nake in kama ƙananan, saboda su ba sa ba ni tsoro. Wata huɗu ina kwanciya a gajiye liƙis, ko babi ɗaya ban kammala ba. Saura mako biyu na zauna fafe gora ranar tafiya. Ban miƙa ba. Abokaina suka fita, na maimaita shekara.

Amma a yi mini adalci. Da kuɗin koyarwar nan nake riƙe da karatun, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini yadda ake yi. Waɗanda na yi wa hidimar ma da sun yi tunani... a'a, bar su, ba wanda ya ɗaure ni. Ko da yake sun ga yadda na rame, suka ci gaba da kawowa.

Sai daga baya na ci karo da maganar da shugaban Amurka Eisenhower ya ambata a wani jawabi a 1954, cewa matsaloli iri biyu ne, masu gaggawa da masu muhimmanci. Ni masu ihun kawai na riƙa bi.

Na yi niyyar ba yaron shawara goma, na rasa ta huɗu. Yaga takardar, ka ɗauki aikin da ka fi tsoro, da shi za ka buɗe safiyarka. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, tun yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980 ya fito da dabarar saita agogo minti 25, a yi aiki ɗaya tak, sannan a ɗan huta. Tana aiki, in wayar tana wani ɗaki. To ku 'yan yanzu kun yarda? Kuna kukan ba lokaci, babban yatsa bai daina shafa gilashi ba tun safe. Mu ko wayar kirki ba mu da ita muka lalata lokacinmu, balle ku.

Koyi cewa a'a, ba tare da dogon bayani ba. Sa'o'i 168 ne a mako. Cire 56 na barci, saura 112, ba kuma za a ƙara maka ko ɗaya don kana da kirki ba. Kada ka taɓa rabon barcin. Sai dai in gobe ne ranar miƙawa, a nan kam kwana a zaune, ni ma da na yi haka da wuri da na tsira.

Takardar ma, kada ka yaga. Kai ba ya iya riƙe abu 23, ka bar su a rubuce, ka dai kife ta.

Da safe na same shi yana barci a kujera, takardar a ƙirjinsa. Ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: sauke manhajar tsara lokaci.