Lamba ɗaya ta ci min wata guda

Shekara huɗu da aure Allah bai kawo rabo ba, sai muka ce bari mu je asibiti a duba mu ni da maigida, tunda ana cirar kuɗin inshorar lafiya a albashinsa duk wata. Katin ganin likita ba mu biya ko sisi ba, magani kuma kashi 10 cikin 100 kawai muke bayarwa, har na fara murna wallahi.

Da aka zo gwaje-gwaje ne labari ya canza. Likita ta rubuta gwajin jini na homon (sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada da haihuwa) da ake ɗiba rana ta 2 ko ta 3 da zuwan al'ada, da hoton HSG na duba ko bututun mahaifa ya toshe, shi kuma sai bayan an yi tsarki kafin ƙwai ya fita ake yinsa, wato kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Wajen biyan kuɗi aka ce sai HMO ɗinmu, wato kamfanin da ke kula da inshorarmu, sun turo lambar amincewa, kullum ina kira ana cewa Hajiya ki ƙara haƙuri, har kwanakin suka wuce, sai jiran wani watan. Ranar na yi kuka a Keke Napep.

Ƙarshe jinin kawai suka amince, HSG da gwajin maniyyin maigida daga aljihu muka biya. 'Yar'uwa in za ki fara, tun ranar farko ki sa a rubuta miki abin da inshorarki ta ɗauka, ki adana duk rasit. Litinin za mu karɓo sakamako, ku sa mu a addu'a.