Manhajar da ke raba bashi da kanta, da haɗarin da ba ta iya rabawa

Tun da kamfanin Zopa ya fara aiki a Ingila a shekarar 2005, harkar bayar da bashi tsakanin mutum da mutum ta intanet ta ginu ne a kan cewa mai rarar kuɗi zai ranta wa mai buƙata ba tare da banki ya shiga tsakani ba, dandalin kuma ya karɓi la'adarsa ta dillanci. A farkon lamarin, a dandali irin su Prosper da Funding Circle, mai kuɗi ne ke zama ya duba bayanan masu neman rance ya zaɓi wanda ya kwanta masa. A shekarar 2017 Funding Circle ya soke wannan zaɓi, ya mayar da kowa kan manhajar da ke zuba kuɗin da kanta.

Ba na ganin laifin wannan sauyi. A dandalin Mintos na ƙasar Latbiya, alal misali, mutum yana saita ƙasashen da yake so, da wa'adin bashi, da mafi ƙarancin kuɗin ruwan da zai amince da shi, sai manhajar ta riƙa sayen ƙananan kaso daga basussuka masu yawa, ta kuma mayar da duk abin da aka biya cikin sababbi. Wanda ya kasa euro 1,000 gida 100 ba zai girgiza ba don mutum biyu sun gaza biya. (Batun kuɗin ruwa a shari'a, wanda ya isa ya hana da yawa daga cikinmu shiga harkar tun farko, magana ce ta daban.)

Abin da ke damuna shi ne, yawan sunayen da mutum ke gani a allon wayarsa yana sa shi zaton ya tsira, alhali a dandali irin Mintos kamfanonin lamuni ne ke bayar da basussukan su sayar da su ga masu zuba jari, kuma basussukan 100 na iya kasancewa duk daga kamfani guda suka fito. Irin waɗannan kamfanoni kan yi alkawarin sayen bashin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba, amma alkawarin ba ya fin ƙarfin aljihun mai yin sa. Da kamfanin Eurocent na ƙasar Folan ya durƙushe a 2017, alkawarinsa ma tare da shi ya faɗi. Manhajar ba ta karanta littafin kuɗin kamfani. Sharuɗɗan da aka gindaya mata kawai take bi, kuma wanda ya saita ta kan kuɗin ruwa mafi tsoka ya tura ta ne wajen masu bashi mafi rauni.

Shekarar 2020 ce ta tona sauran asirin. A watan Janairu dandalin Envestio da na Kuetzal, masu rajista a Estoniya, sun ɓace da kuɗin jama'a. Da annobar korona ta sa kowa ya nemi cire nasa a lokaci guda, dandalin Bondora ya koma biyan masu asusunsa na saurin cire kuɗi, wato Go & Grow, kaɗan-kaɗan, dandalin RateSetter na Birtaniya kuma ya rage ribar masu zuba jari da rabi domin cike asusun da yake biyan asara da shi. Saurin cire kuɗi da ake tallatawa ya dogara ne da samun wani da zai sayi bashin daga hannunka, kuma ranar tsoro babu mai saye. Asusun da ke kare ajiyar banki a Birtaniya bai shafi wannan jari ba, shi ya sa tun Disamban 2019 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi a ƙasar ta taƙaita sababbin shiga da ba su nemi shawarar ƙwararru ba ga kashi 10 cikin 100 na dukiyar da suke iya zubawa.

Zopa ɗin da ya fara harkar ya rufe sashensa na bashi tsakanin mutum da mutum a ƙarshen 2021, ya ci gaba a matsayin banki, kamar yadda LendingClub na Amurka ya daina karɓar kuɗin ƙananan masu zuba jari shekara guda kafin nan.