Yadda na tsamo sunayen mutanen garuruwa daga fayil da regex

Ina da wani fayil na rubuce-rubucen tarihin ƙasar Hausa, wasu da salon rubutun Najeriya, wasu da na Nijar. Abin da nake nema a ciki sunayen mutanen garuruwa ne: Kanawa, Katsinawa, Gobirawa, Zazzagawa. Duk da babban baƙi suke farawa, su ƙare da "awa". Irin aikin da regex ya dace da shi kenan, wato ka rubuta siffar kalma, kwamfuta ta zaƙulo maka duk mai wannan siffa.

Siffar da na fara gwadawa ita ce [A-Z][a-z]+awa, wato babban baƙi ɗaya, sai ƙananan baƙaƙe, sai "awa". Ta kawo Kanawa da Daurawa, amma Haɗejawa ko sama ko ƙasa, alhali suna cikin fayil ɗin. Ashe a-z baƙaƙe 26 na Turanci kaɗai ya ƙunsa. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna can wani gurbi daban a Unicode, tsarin da ke ba kowane baƙi lambarsa a kwamfuta. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kwamfutar ba ta nuna wata matsala ba. Ta ba ni jeri mai kyan gani ne kawai, wanda bai cika ba. Mai bincike da ya dogara da shi zai rubuta cewa ba a ambaci mutanen Haɗejiya ba sam.

A Python 3, yaren shirya manhajar kwamfuta da na yi amfani da shi, alamar \w, mai wakiltar kowane baƙi ko lamba, tana gane baƙaƙenmu masu lanƙwasa, sai na koma \b[A-ZƁƊƘƳ]\w+awa\b, inda \b ke nuna iyakar kalma, na buɗe fayil ɗin da encoding="utf-8" don a karanta baƙaƙen daidai. Nan take Haɗejawa suka bayyana. Sai dai regex bai san ma'ana ba: ya haɗo da "Tattaunawa" da ke farkon jimla, har da Nasarawa. Waɗannan da hannu na tace su.

Da na zo ƙirga sauran kalmomi, sai alamar ɗauri (') ta kawo nata cikas. Rubutun Nijar da ke da ƴaƴa ya fito cikakke, amma 'ya'ya na Najeriya ya tsinke gida biyu, ma'aikata ya zama "ma" da "aikata". Alamar ma kala uku ce a fayil ɗin: ', ’ da ʼ. Na fara mai da su iri ɗaya da re.sub, umarnin Python na musanya rubutu, sannan na nema da [\w']+.

Yanzu kafin in yarda da kowace siffa, sai na gwada ta a kan gajeren sakin layi da na san duk kalmomin da ke ciki, Haɗejawa da 'ya'ya na daga cikinsu.