Manhajar tana nan, bash ne bai san inda take ba

A makon jiya ƙanena ya shigo shagona da ke Garwa riƙe da kwamfutarsa mai Debian 11 (wani nau'in tsarin Linux), ransa a ɓace. Ya ce: «Yaya, sau uku ina sauke yt-dlp da pip, kuɗin datana ya ƙare, amma har yanzu ta ƙi tashi.» Ita yt-dlp manhajar sauke bidiyo ce daga intanet, pip kuwa shi ne abin da ake girka manhajojin Python da shi. Na duba allon, sai na ga saƙon da duk mai tsarin Faransanci ya saba gani, wato «commande introuvable», ma'ana ba a sami umarnin ba.

Abin da na fara nuna masa shi ne cewa bash, wato shirin da ke karɓar umarnin da ake rubutawa, ba ya bin faifai lungu-lungu yana neman manhaja. Akwai jerin manyan fayiloli (folda) da ake kira PATH, waɗanda alamar ɗigo biyu ke raba su, kuma su kaɗai yake dubawa daga hagu zuwa dama. Idan bai sami sunan a cikinsu ba, sai ya dawo da lambar kuskure 127. Da a ce ya same ta amma ba ta da izinin aiki, da 126 zai bayar, wanda kuma wata matsala ce dabam.

Muka rubuta echo $PATH domin ganin jerin, muka ga /usr/local/bin da /usr/bin da /bin, amma babu ~/.local/bin, alhali nan ne pip ke ajiye manhajojin wanda ya girka ba tare da sudo ba, wato ba da ikon mai kula da tsarin ba. Da muka leƙa ciki da ls, umarnin da ke jera abin da ke cikin folda, sai ga ta zaune lafiya lau tun girkin farko. Hasali ma pip ya yi masa gargaɗi a kan haka da rubutu mai launin rawaya, sai dai ƙanen nawa ba ya karanta abin da ya wuce layin ƙarshe.

Dalilin ya fi ba ni sha'awa. Fayil ɗin ~/.profile na Debian yana ƙara wannan wuri cikin PATH, amma sai idan wurin yana nan a lokacin da mutum ya shiga asusunsa, shi kuwa pip bai ƙirƙire shi ba sai bayan shigar. Na sa ya rubuta source ~/.profile domin bash ya sake karanta fayil ɗin, sannan umarnin command -v yt-dlp ya nuna cikakkiyar hanyar zuwa manhajar. Daga baya ya fita daga asusun ya sake shiga domin gyaran ya zauna a kowace taga.