Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fasfo a Hannun Mai Shi

A makon jiya mun tsaya a inda aka sallamo ni daga asibiti da auta a hannu, bayan tiyata, cikin zafin Jidda na watan Yulin 2019. Duk wadda ta haihu a Kano ta san yadda gidan jego yake: mai dama kunun kanwa daban, mai dafa ruwan wanka daban, mai jego kuwa ba ta ɗaga ko tsinke. A can daga ni sai Abban yara da yaranmu biyu, ga jariri, a bene hawa na uku. Shi likita ne, wani lokaci a bakin aiki yake kwana. Hajiyarmu kuma ciwon ƙafa ya hana ta zuwa.

Tun ina da ciki muka fara neman 'yar aiki, kuma sai da muka yi dogon lissafi. Tun Yulin 2017 Saudiyya ta sa wa baƙi harajin iyali, riyal 100 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka, a shekarar da na haihu ya kai 300. Mu huɗu ke nan a wuyansa, riyal 1,200 duk wata, kafin a zo maganar haya da kuɗin makaranta. Duk da haka ya shiga manhajar Musaned ta gwamnati, ya zaɓi ofishin ɗaukar ma'aikata, ya biya, aka rubuta kwantiragi na shekara biyu.

Wadda Allah ya haɗa mu da ita Bahabashiya ce, Musulma, 'yar ƙabilar Oromo daga wani ƙauye kusa da Jimma. Ba zan ambaci sunanta ba, yara dai Anti suke ce mata, ita kuma tana ce mini Madam, tana ce wa maigida Baba. Ta zo da ƙaramar jaka ɗaya da wayar da gilashinta ya tsage. Ta baro 'ya'ya biyu a hannun mahaifiyarta. Larabcinta na kasuwa ne, nawa na Islamiyya, to sai mu haɗa da nuni da hannu, a haka muke fahimtar juna.

Tun a makon farko wata maƙwabciyarmu, wadda ta fi mu daɗewa a ƙasar, ta ja ni gefe ta ce, "Maman yara, ki karɓe fasfonta ki kulle a durowa, wayar ma ki riƙa ba ta ranar Juma'a kawai. Idan ta waye gudu za ta yi." Da Abban yara ya dawo na ba shi labari. Bai ce uffan ba sai da ya ci abinci, sannan ya zaro iƙamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, daga aljihu ya ajiye a gabana. Ya ce, "Duba nan, akwai sunan mai ɗaukar nauyina. Ni ma ƙarƙashin kafili nake, ban isa in fita ƙasar nan ba sai ya sa hannu. Idan aka ƙwace mini fasfo yaya za ki ji?" Dokar ƙasar ma ta hana riƙe fasfon ma'aikaci, sai dai gidaje da yawa ba sa bi. Nata yana cikin jakarta har ranar da ta tafi.

Wannan tsari na kafala ya daɗe yana damuna, har yau. A lokacin, zaman mutum a ƙasar, da fitarsa, da canjin wurin aikinsa, duk suna hannun mutum ɗaya ne. Idan kafili ya ga dama ya kai rahoton cewa ta gudu, abin da suke kira hurub, nan take ta zama mai laifi ko da yunwa ce ta kore ta. A wancan lokacin akwai ƙa'idar da aka fitar a 2013 wadda ta ba 'yan aikin gida hutun awa tara a rana, da yini ɗaya a mako, da hutun wata guda bayan shekara biyu. Amma wa zai shiga bayan ƙofar da aka rufe ya duba? Na ga yarinyar da ba ta taka ƙofar gida sai za ta zubar da shara. Mu ma a gida ai muna da namu, ƙananan yaran da ake kawowa daga ƙauye ana karɓe kuɗinsu a hannun dillaliya, ba kwantiragi ba komai.

Ranar hutunta Juma'a ce. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a falo, ta wanke ɗanyen gahawa, ta soya a kasko har ya yi baƙi yana sheƙi, sannan ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin. Ta daka, ta zuba a tulunta na yumɓu mai dogon wuya da suke kira jabana, ta sa lubban a garwashi, ta kawo gugguru. Sau uku ake zubawa, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. A wannan zama ne na san an yi mata aure tana 'yar shekara sha biyar, mijin ya rasu, kuma kusan duk albashinta gida take turawa don ginin ɗaki mai rufin kwano da kuɗin makarantar babban ɗanta. Ni kuma na koya mata tuwon shinkafa da miyar kuka, da kayan miyar da 'yan Umara suke kawo mana. Warin daddawa ya hana ta shiga kicin ranar farko, amma kafin wata uku ta fi ni iya kaɗa miyar. Auta kuwa idan ya fara rigima cikin dare, a bayanta yake yin shiru.

Cikin Fabrairun 2020, da asuba, na same ta zaune a ƙasan kicin tana kuka, wayar a cinyarta. Ƙaramar 'yarta ce aka kwantar a asibitin Jimma, kakar yarinyar kuma tsufa ya hana ta jinya. Ba ta roƙi komai ba, don ta san ba ta cika shekara biyu ba, hutu bai kama ta ba. Na ce, "Anti, kina son ki je?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Madam, Baba zai yarda?"

Maƙwabciyar nan da ta ji sai ta tafa hannu, ta ce mun yi asarar kuɗin da muka biya ofis, wadda ta ga 'ya'yanta ba za ta dawo ba. Abban yara ya ce ko ba ta dawo ba, ba zai iya tsayawa gaban Allah da hakkin uwa da 'yarta ba. A daren ya shiga manhajar Absher ta gwamnati ya yi mata bizar fita da dawowa ta wata biyu, ya saya mata tikitin Addis Ababa, ya ba ta albashin wata mai zuwa. Daga Addis sai ta hau mota kusan kilomita 350 kafin ta isa Jimma.

Mun raka ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz a ƙarshen watan, a makon da aka dakatar da shigowar masu Umara daga waje saboda korona. Ta yi mana alkawarin dawowa kafin azumi. Ranar 15 ga Maris Saudiyya ta dakatar da duk jiragen ƙasa da ƙasa, ita tana Jimma, bizarta tana ƙarewa, wayarta kuma ta daina shiga.

Yadda muka sake jin muryarta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.