Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar maiɗakina

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun sauka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ranar Laraba, bayan wata uku a birnin Chennai na ƙasar Indiya, kuma da ƙafarta ta shiga gida.

Abin ya faro ne da ciwon kai, sai ta fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, har ta riƙa zuba shayi a gefen kofi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Allah ya saka wa likitan Asibitin Ido na Ƙasa da ya ce idon lafiyarsa ƙalau, a je a ɗauki hoton kai. A nan aka ga ƙari a gindin ƙoƙon kai, irin cutar dajin da ake kira kodoma, wadda a shekara kusan mutum 1 cikin miliyan take kamawa.

Da yawa kun tambaye ni me ya hana a yi mata gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, a nan gida. Ƙarin yana manne ne da tushen ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ido. Hasken gashin da aka saba yakan ratsa ƙari ya wuce har bayansa, shi kuwa irin wanda aka yi mata, da ake kira furoton, auna masa zurfi ake yi, ya je ya sauke ƙarfinsa a daidai wurin ya tsaya. Babu injinsa a Najeriya. Ko a Indiya sai 2019 aka buɗe cibiyar farko, ta Apollo, inda muka je.

Ta hanci aka fara yi mata tiyata. Daga nan sai gashi, Litinin zuwa Juma'a, kusan mako takwas. Akwai wata ragar roba da suka jiƙa a ruwan ɗumi suka shimfiɗa mata a fuska har ta sandare, kullum da ita ake ɗaure kanta a jikin gado don kada ta motsa ko kaɗan. Ranar farko ta yi kuka. Daga baya da yatsu take jan tasbihi har a gama.

Jama'ar masallacinmu na Tudun Wada, abokan sana'a na Kasuwar Barci, matan adashe da suka bar mata kwasarsu, ban da bakin gode muku. Tsohuwar da ta kwance ₦500 daga bakin zaninta, Baba, Allah ya gina miki gida a Aljanna. Yaya, ke da kika riƙe yara har da kai su Islamiyya, Allah ya raya naki. Da ɗaliban nan na gida da ke karatu a Chennai, masu dama mata kunun gyaɗa lokacin da bakinta ya yi gyambo ba ta iya haɗiye komai. Dillalin da ya karɓi kuɗin biza ya kashe waya kuwa, na bar shi da Allah.

Nan da wata uku za a sake hoto, don cutar takan dawo, a ci gaba da sa mu a addu'a. Masu zuwa dubiya a bari sai bayan la'asar, kuma don Allah ban da turare mai ƙarfi, yana sa ta tari.