Madam Garba

Saƙon masu horon nan na intanet ya shigo da hantsi. Sun ɗauke ni, alhamdu lillahi. Sai dai a saman wasiƙar an rubuta "Madame Garba".

Uwargida ta ajiye ludayi ta karɓi wayar. "To ai tawa ce, Malam. Duk Zango wace ce Madam Garba in ba ni ba?" Ba ni da ta cewa, tunda a Nijar da sunan miji ake kiran matar aure a ofis. Auta ya ji, ya wuni yana bi na da "Madam, a ba ni dala biyar."

Bayan la'asar na kai maganar fada, majalisarmu ta hira. Mushe, wato malamin boko, ya ce ba raini ba ne, kunne ne. A Italiya da Spaniya sunan da ya ƙare da "a" galibi na mace ne, Maria, Sofia, Anna, shi ya sa mai rubutun bai tsaya tambaya ba. Na ce kenan Musa da Isa da Hamza da Yahuza duk sun tafi sahun mata, har da Hama Amadou da ya yi firaminista. Kuma ko a can ƙa'idar ba ta tsaya da ƙafarta ba, don Andrea a Italiya namiji ne, ya tsallaka Jamus ya zama mace.

Mai shayi ya ce mu ma mu daina cika baki. Lokacin da aka rantsar da Nana Akufo-Addo a Ghana a 2017, gwaggon mai shayin, Nana, ta yi ta murna wai takwararta ta hau mulki, sai da aka nuna mata hoto. Nura kuma, da muke raɗa wa ƴaƴa maza, a ƙasashen Larabawa sunan mata ne. Gambo yana gefe yana dariya. Shi da matar maƙwabcinsa suna ɗaya, don sunan bai damu da namiji ko mace ba, abin da ya sani kawai an haife ka bayan tagwaye.

Na dawo in ba su amsa, na duba wanda ya sa hannu: Dominique. Na daɗe ina kallon allon. A ƙarshe "Bonjour" kawai na rubuta, na roƙi a gyara.

Da dare abin ya daina ba ni dariya. Idan takardar shaidar ta fito da Madame, katin ɗan ƙasa kuma ya ce namiji, wane ofis zan fara yi wa bayani? Ban da wannan ma, sunan kakana ne, Abubakar. Inna har ta rasu ba ta taɓa furta shi ba saboda kunyar suruki, "Mai suna" take ce mini. Sunan da ta yi shekaru tana kaucewa don girmansa, wani can ya dubi harafin ƙarshe ya yanke hukunci. Wataƙila ma ba mutum ba ne, na'ura ce.

Wuta ta ɗauke wajen ƙarfe tara. Zafi, sauro.

Gobe Kasuwar Dole, tayar babur ta baya ta gama yawo. Har yanzu Dominique bai amsa ba, ko ba ta amsa ba.